Yadda Ake Kula da Ɓeran Masar Mai Fama da Tsakuwar Mafitsara da Ke Yawan Dawowa

Duk mai kiwon ɓeran Masar ya san kukan da yake yi idan ya ji motsin abinci, kuka ne na murna mai cika ɗaki. Akwai wani kukan daban, siriri, gajere, wanda yake yi idan ya tsuguna zai yi fitsari, ya gantsare baya, ya daɗe a wuri ɗaya yana yunƙuri. Ranar da na fara jin wannan kukan daga nawa, namiji mai shekara uku, na ɗaga shi sai na ga ɗigon jini biyu a kan farin tawul ɗin da yake kwance. Aka yi masa aiki, aka ciro tsakuwa mai kaushi wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, likita ya miƙo mini ita a ƙaramar kwalba. Na koma gida da tunanin magana ta ƙare. Bayan 'yan watanni kukan ya dawo.

Tiyata tana fitar da tsakuwar da ke ciki ne kawai, ba ta taɓa dalilin da ya haifar da ita. Ragowar aikin yana hannun mai dabba, kuma aiki ne na kullum.

Ka fara sanin abin da kake fama da shi

Mafi yawan tsakuwar da ake cirowa daga ɓeran Masar sinadarin kalsiyam kabonet ce, wato abu ɗaya da alli, da ɓawon ƙwai, da farin ɓawon nan da ke taruwa a gindin butar dafa ruwa. Jikin wannan dabba yana fitar da rarar kalsiyam mai yawa ta fitsari, kuma fitsarinsa, kamar na sauran masu cin ciyawa, ba mai tsami ba ne. Ma'auninsa na pH, wato awon tsami ko rashinsa, yana kaiwa 8 zuwa 9, yanayin da kalsiyam ke saurin kwantawa a ciki. Shi ya sa za ka ga fitsarinsa fari-fari, idan ya bushe ya bar tabo kamar an zuba garin alli. Wannan kaɗai ba ciwo ba ne. Ka murza busasshen tabon da yatsa: idan laushi ka ji kamar hoda, babu damuwa. Idan ka ji gurzar yashi, ko ka ga fitsarin ya yi kauri kamar kwaɓaɓɓen alli, to laka ta fara taruwa a mafitsara, kuma daga lakar nan tsakuwa ke tasowa.

Wannan irin tsakuwar ba ta narkewa. A kyanwa da kare akwai wata irin tsakuwa da abinci na musamman ke narkarwa, shi ya sa wasu ke zaton haka abin yake a nan. Ba haka ba ne. Duk wanda ya ce maka wani jiƙo ko ƙwaya zai narkar da tsakuwar da ta riga ta ƙullu a mafitsarar ɓeran Masar, ɓata maka lokaci zai yi, dabbar kuma tana cikin azaba. Haka nan ƙoƙarin tsamama fitsarinsa da wasu magunguna, ba ya aiki yadda ake so, yana kuma iya yi masa illa.

Mataki na farko: raba gaggawa da abin da zai iya kwana

Alamomin da aka saba gani su ne jini a fitsari, kuka lokacin fitsari ko kashi, fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, jiƙewar gashin ƙasan ciki da gindi, yawan lasar gaba, zama a takure da gashi a tashe, da raguwar ci. Wani lokacin fitsari kan yi ja ko ruwan ƙasa saboda launin abin da ya ci, ba jini ba. Ido ba ya raba su, tsinken gwajin fitsari ne ke rabawa, don haka kada ka yanke hukunci da kanka.

Abu biyu ba sa jiran gobe. Na ɗaya, ya yi ta yunƙuri fitsari bai fito ba. Wannan toshewa ce, kuma ta fi samun namiji domin hanyar fitsarinsa doguwa ce, ƙunci gare ta. Fitsari ya koma ya danne ƙoda, cikin ɗan lokaci a rasa shi. Mace hanyarta gajera ce mai ɗan faɗi, takan fitar da ƙaramar tsakuwa da kanta, ko da yake ita ma tsakuwar kan maƙale mata a bakin mafita. Na biyu, ya daina ci ko ya daina kashi. Hanjin ɓeran Masar ba ya son hutu. Idan ya yi kamar awa 12 bai ci komai ba, hanjin ya fara tsayawa, wannan kuma wani ciwo ne a kan ciwo. A waɗannan biyun, ko tsakar dare ne, a nemi likita.

Mataki na biyu: a wurin likita

Nemi likitan dabbobi wanda ya saba da zomo da ɓeran Masar. Ba raini ba ne, amma wanda hannunsa ya faɗa a kan kare da kyanwa kaɗai zai iya rubuta maganin da zai kashe wannan dabbar.

Ka nemi a ɗauki hoton eksire. Tsakuwar kalsiyam tana fitowa fes a hoto, fara tas. Ka roƙi hoton ya haɗa da ƙoda har zuwa ƙarshen hanyar fitsari, a kuma janye ƙafafun baya, domin ƙashin cinya yakan ɓoye tsakuwar da ta sauko ƙasa. Wurin da tsakuwar take shi ke nuna abin yi: ta mafitsara ana cirewa da aiki, ta bakin mafita a mace wani lokaci ana zaro ta ba tare da an buɗe ciki ba, ta ƙoda ko ta siririn bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ita ce mai wuyar sha'ani. A gwada fitsari, a kuma shuka shi a ɗakin gwaji don a san ko akwai ƙwayar cuta da maganin da zai kashe ta. Idan tsakuwar ta dawo karo na biyu, gwajin jini don duba lafiyar ƙoda ya zama dole.

Maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta kuwa, ka riƙe waɗannan sunaye da ka: penicillin, amoxicillin, ampicillin, clindamycin, lincomycin da erythromycin. Suna kashe ƙwayoyin kirki da ke hanjin ɓeran Masar, miyagun su yi yawa, zawo mai kisa ya biyo baya. Waɗanda likitoci suka fi ba shi sun haɗa da trimethoprim-sulfa da enrofloxacin, su ma da awo daidai nauyinsa. Kada ka taɓa ba shi ragowar maganin wata dabba ko na mutum.

Idan aiki za a yi, ba a sa shi doguwar yunwa kafin tiyata kamar yadda ake yi wa kare, domin ba ya amai. Ɗan lokaci kaɗan ake janye abinci don bakinsa ya zama babu komai. Kafin ka bar asibiti ka tabbatar da abu biyu: an sake ɗaukar hoto bayan aikin don a ga ba a bar ɓurɓushi ba, an kuma aika tsakuwar a bincika sinadarinta. Sau da yawa abin da ake kira dawowar tsakuwa cikin mako biyu ko uku, ragowar ta farko ce, ko wata da ta gangaro daga ƙoda.

Mataki na uku: makonni biyu bayan aiki

Shimfiɗa masa farin tawul ko yadi mai laushi maimakon dusar katako, ka canza sau biyu a rana. Fari ne zai nuna maka launin fitsari. Ɗan jini a kwanakin farko ba abin mamaki ba ne, amma ya riƙa raguwa, ba ƙaruwa ba. Maganin ciwo, wanda galibi meloxicam ne, a ba shi a kan lokaci har kwanakin da aka rubuta su cika. Ɓeran Masar gwanin ɓoye ciwo ne, kuma wanda ke jin zafi ba ya ci.

Idan bai koma ci da kansa ba cikin 'yan awoyi, sai ɗura. Akwai garin abinci na marasa lafiya irin Critical Care na kamfanin Oxbow. Idan babu, a jiƙa busassun ƙwayoyin abincinsa na leda da ruwan ɗumi har su yi laushi su bi sirinji. Ka naɗe shi a tawul, ƙafafunsa huɗu a ƙasa, kada ka taɓa kwantar da shi rigingine. Ka sa bakin sirinjin ta gefe, a gibin da ke bayan haƙoran gaba, ka matsa kaɗan, ka jira ya tauna ya haɗiye. Gaggawa a nan tana tura abinci huhu. Ana maimaitawa duk bayan 'yan awoyi. A ajiye shi wuri mai ɗumi, abokin zamansa kuma a kusa inda zai gan shi ya ji shi, domin kaɗaici ma yana hana su ci.

Mataki na huɗu: ruwa

A nan zan fi daɗewa, domin a ganina babu abin da ya kai ruwa tasiri. Fitsari mai yawa, mai ruwa-ruwa, yana wanke ɓurɓushin kalsiyam kafin su haɗu su zama dunƙule. Fitsari kaɗan mai kauri yana ba su wurin zama.

Ɓeran Masar yana bukatar kamar mililita 100 na ruwa a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Babban namiji yakan kai giram 900 zuwa 1,200, mace giram 700 zuwa 900, don haka lissafin ba wuya. Matsalar ita ce da yawansu malalatan shan ruwa ne. Ka fara da auna abin da yake sha: ka yi wa kwalbar alama da safe, ka duba washegari, ka rubuta, na tsawon mako guda. Ka tuna wani ruwan ɗiga yake yi a ƙasa, ka duba ko shimfiɗar da ke ƙarƙashin kwalbar ta jiƙe.

Sannan ka sauƙaƙa masa sha. Ka sa kwalba da kwano duka biyun, domin wani ya fi son tsotsa, wani ya fi son sunkuyawa. Kwanon ya zama mai nauyi wanda ba zai kifar ba. Ka sa ruwan dab da ciyawa, domin suna ci suna kurɓa ne, ka kuma sa wani kusa da maɓoyarsa. Idan su biyu ne a keji, wuraren sha su zama biyu ko uku, saboda mai ƙarfi kan tare wa mai rauni hanya ba tare da ka lura ba. Kullum a canza ruwa, a taɓa ɗan ƙwallon bakin kwalbar da yatsa a ga yana sakin ruwa. Nawa ya taɓa wuni da kwalba cike, ashe bakinta ya toshe da guntun abincin da yake turawa ciki.

Ganye kuma a ba shi da danshinsa. Ka wanke, kada ka tsane, ka miƙa masa yana ɗiga. Kokwamba da latas kusan ruwa ne zalla, hanya ce ta shayar da wanda ba ya son sha. Wasu suna karɓar ruwa ta sirinji da son ransu idan aka saba musu, 'yan mililita sau biyu ko uku a rana, a hankali kamar yadda ake ɗura.

Sai irin ruwan. Idan butarka tana yin farin ɓawo da sauri, ruwan wurinku yana da kalsiyam da yawa. A irin wannan hali ruwan da aka tace ko na kwalba mai ƙarancin kalsiyam ya fi, kuma ana rubuta adadin a jikin kwalbar. Idan ya ƙi sabon ruwan, a gauraya da tsohon a riƙa ragewa. Ruwan da ya sha da yawa ya fi ruwa mai kyau da ya ƙi taɓawa.

Mataki na biyar: abinci, ba tare da wuce gona da iri ba

Kuskuren da na yi bayan aikin farko shi ne na tsorata da kalsiyam har na so in kore shi gaba ɗaya. Wannan haɗari ne. Haƙoran ɓeran Masar ba sa daina tsiro har ya mutu, ƙashinsa ma yana bukata. Idan abinci ya gaza, jiki zai ciro daga ƙashi. Rara ake ragewa.

Busasshiyar ciyawa ita ce kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa, kuma kada ta yanke dare da rana. Amma ta zama ciyawa ta ainihi, irin timoti da makamantanta. Alfalfa da sauran dangin wake suna da kalsiyam mai yawa, sun dace da ƙanana masu girma da masu ciki, ba babba mai tsakuwa ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne ƙwayoyin abinci na leda. Busassu ne, a dunƙule suke, an kuma ƙara musu sinadarai, don haka kwano guda yana iya ɗauke da kalsiyam fiye da tulin ganye. Karanta jikin ledar. Idan alfalfa ce a farkon jerin kayan haɗi, canza zuwa wanda aka yi da timoti. Babban cokali ɗaya a rana ya wadatar. Wasu likitoci kan ce a janye su baki ɗaya ga wanda tsakuwa ta dawo masa, amma wannan sai da tsarin da zai cike gurbin bitamin. Dutsen lasa na gishiri ko na ma'adinai da ake ratayawa a keji, cire shi yau. Haka ma kayan kwaɗayi masu madara ko iri.

Ɗanyen ganye kamar kofi ɗaya a rana. Na kullum su zama masu ruwa da ƙarancin kalsiyam: latas mai kore sosai, kokwamba, tattasai mara yaji, ɗan tumatir ba tare da ganyensa ba domin ganyen guba ne. Alayyafo, faski, na'a-na'a da ganye masu duhun kore dangin kabeji suna da kalsiyam sosai, alayyafo kuma ga sinadarin okzalet da ke haɗuwa da kalsiyam. Waɗannan a mai da su na jefi-jefi, ɗan kaɗan, alayyafo kuwa ni na daina shi kwatakwata. Duk canjin abinci a yi shi sannu a hankali cikin mako ɗaya zuwa biyu, don kada ciki ya ɓaci.

Bitamin C yana bukatar kulawa ta musamman. Ɓeran Masar, kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya ƙera shi. Babba mai lafiya yana bukatar kamar miligiram 10 a kan kowane kilo a rana, mara lafiya ko mai ciki har zuwa 30. Amma jiki yana mai da rararsa okzalet, don haka ɗura masa manyan ƙwayoyi ba gata ba ne. Yankan tattasai kullum yana biyan mafi yawan bukata. Kada a ɗiga bitamin a ruwan sha: yana lalacewa da wuri, yana kuma canza ɗanɗanon ruwan, dabbar ta rage sha, ka rusa aikin da ka gina da hannunka.

Mataki na shida: motsi da tsafta

Mafitsarar dabbar da ke kwance wuni kamar kwalbar ruwan laka ce da aka ajiye, ƙasa-ƙasan yana kwantawa. Motsi yana girgiza shi ya fita da fitsari. Kejin da su biyu ke ciki kada ya gaza murabba'in mita ɗaya, a kuma sake su su zagaya a ɗaki kullum. Ka raba ciyawa da maɓoya nesa da juna don ya yi tafiya. Mai ƙiba ba ya motsi, ba ya iya tsugunawa ya juye mafitsara sosai. Shimfiɗa kuma ta kasance a bushe, domin gabansa dab da ƙasa yake, jiƙaƙƙen wuri yana kai ƙwayar cuta mafitsara, kumburin mafitsara kuma yana taimaka wa tsakuwa.

Mataki na bakwai: sikeli da littafi

Sikelin kicin mai nuna giram ya fi idonka gani. Ka sa shi a roba, ka auna shi sau ɗaya a mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kafin abincin safe. Idan ba shi da lafiya, kullum. Bambancin giram 20 ko 30 ba komai ba ne. Idan ya zubar da giram 50 ko fiye, ko nauyin yana ta sauka mako bayan mako, kira likita ko da yana ci yana wasa. A littafin nan ka rubuta ruwan da ya sha, launin fitsari, da ranar da ka ji kuka.

Ka kuma shirya da likita a riƙa sake hoto lokaci-lokaci, na farko 'yan makonni bayan aiki, sauran bisa tazarar da ya ga ta dace. Tsakuwar da aka gani tana ƙarama, musamman a mace, wani lokaci tana fita da ƙarin ruwa ta allurar ƙarƙashin fata da maganin ciwo. Laka kuma ana iya wanke ta daga mafitsara kafin ta daskare.

Akwai magungunan da likitoci kan gwada ga wanda tsakuwa ta addaba. Potassium citrate yana kama kalsiyam a fitsari don kada ya dunƙule. Hydrochlorothiazide yana rage kalsiyam ɗin da ƙoda ke zubarwa. Wasu kan ƙara glucosamine don lallashin bangon mafitsara. Suna taimakon wasu, wasu kuma ba sa ganin canji, kuma biyun farko suna taɓa gishirin jini, don haka sai da awon likita da gwaji. Ba sa maye gurbin ruwa.

Idan ta dawo duk da haka

Tana iya dawowa, ko da ka yi komai daidai. Za ka ga biyu a keji ɗaya, ci ɗaya, sha ɗaya, ɗaya yana ta yin tsakuwa, ɗayan ko sau ɗaya. Akwai rabon gado a ciki, shi ya sa bai kamata a haɗa mai wannan lalura barbara ba. Na daɗe ina tuhumar kaina a kan kowane ganyen da na taɓa miƙa wa nawa, tuhumar ba ta ƙara masa lafiya ba.

Aiki na biyu yana yiwuwa, wasu ma an yi musu na uku sun tashi. Amma kowane yanka yana barin tabo a mafitsara, maganin barci kuma yana da nasa haɗarin ga dabbar da tsawon ranta shekara 5 zuwa 7 ne. Kafin ka amince, ka tambayi likita a fili: ina tsakuwar take, yaya ƙodarsa, wata nawa ya samu na sauƙi bayan aikin baya, kuma yaya ya farfaɗo a wancan karon. Wanda ya samu shekara guda lafiya, ƙodarsa garau, aikin ya cancanta. Wanda tsakuwa ta dawo masa cikin wata ɗaya, ga wasu a ƙoda, ga rama, lissafinsa daban ne.

Idan aka bar aiki, sai a koma rage masa wahala: maganin ciwo kullum, ruwa ta ƙarƙashin fata wanda likita zai iya koya maka yi a gida, ɗura idan ci ya ragu, wanke gindi da ruwan ɗumi a tsane shi sosai don fitsari kada ya ci fata. Namiji da aka bar wa tsakuwa a mafitsara yana iya toshewa kowane lokaci, don haka kowace safiya ka ɗaga shi ka ga jiƙaƙƙen wuri a tawul kafin ka fita, lambar likitan gaggawa kuma ta kasance a wayarka. Ku yi magana da likita tun yanzu a kan alamar da za ta nuna maganin ciwo ya daina riƙe shi, irin kukan da ba ya tsayawa, ƙin abincin da ya fi so, ko toshewar da ba za a iya buɗewa ba, da abin da za a yi a ranar, don kada shawarar ta same ka da tsakar dare kai kaɗai.